Kula da waya, tablet, laftof da agogon zamani: tambayoyi da amsoshi

Na'urori da yawa da ke kwance a teburin masu gyara ba tsufa ne ya kai su can ba. Zafi ne, da ƙura, da wutar da ba ta zama wuri ɗaya, sai kuma caja mai arha. Kamfanonin da ke ƙera su sun tsara su ne don ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, mu kuwa muna amfani da su a kasuwa, a cikin adaidaita sahu, a gona, a tsakiyar watan Afrilu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Gaskiya ne sai batir ya mutu gaba ɗaya kafin a sa caji?

A'a. Wannan shawara ta zamanin tsofaffin batura ce, waɗanda ake yi da sinadarin nikel. Wayoyin yanzu, da tablet, da laftof, da agogo, duk batirin litiyam ne a cikinsu, shi kuwa ba ya son a ƙarar da shi tas. Inda ya fi samun sauƙi shi ne tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin 100. Idan ka ga wuta kana kashi 45, jona abinka, ba laifi. Idan aka ɗauke kana kashi 70, wannan ma ba laifi. Haka batun cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji kafin a kunna ta, shi ma tsohon zance ne.

Kowane batir yana da iyakar zagayen cajin da zai yi. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100, ko da a hankali ne, rabi yau rabi gobe. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Wanda ke cinye caji guda cur a kullum zai kai 500 cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Saboda haka idan wayarka ta shekara biyu ta fara zubar da caji, ba asiri aka yi mata ba, lokacin canza batir ne ya yi.

To barin waya a caji har gari ya waye fa? Mu da daddare ake kawo mana wuta.

Waya ba ta "ƙoshi ta fashe". Akwai na'ura a cikinta da ke tsayar da shigar wuta idan batir ya cika. Abin da ke rage masa kwana shi ne ya daɗe a kashi 100 kuma yana cikin zafi. Wanda wutarsa ba ta zuwa sai ƙarfe ɗayan dare ba za a ce masa ya zauna gadin waya ba. Abin da zai yi shi ne ya ajiye ta a kan abu mai tauri, tebur ko daɓen siminti, ba a kan katifa ba, ba kuma ƙarƙashin matashin kai ba. Idan rigar wayar mai kauri ce, a cire ta.

A duba saitin batir kuma. Wayoyin Samsung da yawa suna da wurin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80 ko 85, iPhone ma daga 15 zuwa sama tana da shi. Amma fa a yi la'akari: wanda zai wuni ba wuta, cika wayarsa taf ya fi masa amfani a kan tattalin batir. Wannan saiti na masu sola ne da masu wuni kusa da soket.

Wayata tana yin zafi har ta rage haske da kanta. Lalacewa ta yi?

Kare kanta take yi. Apple ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai kuwa, a watannin Maris zuwa Mayu, iskar gari kanta tana haura digiri 40. Wato tun kafin ka kunna komai an riga an wuce iyaka. Idan ka ƙara da caji, da kallon bidiyo, da kunna wa wani data ta wayarka, zafi ya taru kenan ta ko'ina. Sai wayar ta rage haske, ta rage gudu, wani lokaci ta dakatar da caji har ta huce.

Ɓarnar zafi a kan batir ba ta gyaruwa. Abin da ya tafi ya tafi. Kuma wuraren da aka fi yin ɓarnar sanannu ne: gaban mota a ƙarƙashin gilashi, aljihun kujerar babur, saman kanta a shago mai rufin kwano, bakin taga. Direban da ke liƙa waya a gilashin gaba yana bin taswira, tana caji, rana na dukanta, yana ƙona batirinsa ne da hannunsa. Ya sauke ta ƙasa inda inuwa take.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Inda sabis ba shi da ƙarfi, waya tana ƙara wuta wajen neman turken sadarwa, sai ta ɗumama kuma caji ya zube. Idan ka shiga ƙauyen da sanda ɗaya ce ke zuwa tana ɓacewa, ka sa ta a yanayin jirgin sama har sai kana bukatar kira.

Zan iya sa ta a firij ta huce?

Kada ka yi. Idan ta fito, danshi zai taru a cikinta, ka gudu daga zafi ka faɗa wa ruwa. Cire caja, cire riga, ajiye ta a inuwa ko gaban fanka.

Wace caja ce ta dace, kuma janareta yana ɓata waya?

Ɗauki kan cajar ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Mai kyau za ka ga an rubuta 100–240V. Ma'anarsa tana iya aiki ko wutar ta yi ƙasa sosai, don haka ƙarancin ƙarfin wuta ba shi ne babbar barazana ba. Barazanar ita ce bugun da wuta ke yi a lokacin da aka dawo da ita, ko lokacin da janareta ke shirin mutuwa yana tari, ko tsawa a damina. Idan NEPA ta ɗauke, zare cajar daga bango. Idan aka kawo, bari ta zauna na ɗan lokaci. Janareta ma a bar shi ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe shi.

Cajar jabu kuwa, araha ba ta ado. An rage kayan kariyar da ke cikinta, shi ya sa za ka ji ta sakayau a hannu. Alamominta a bayyane suke: tana zafi har ba ta taɓuwa, tana ƙara siririya, ko kuma da zarar ka jona sai fuskar wayar ta riƙa danna kanta, ka taɓa nan ta buɗe can. Idan ka ga haka, ba sikirin ne ya lalace ba, cajar ce. Jefar da ita.

Ba dole sai cajar kamfanin wayar ba, kowace caja ta kamfanin kirki za ta yi. Caja mai yawan wat ba ta tura wa waya abin da ya fi ƙarfinta, wayar ce ke jan abin da take bukata. Sai dai caji mai sauri yana zuwa da ƙarin zafi, don haka da daddare, da ba gaggawa kake ba, mai jinkirin ta fi. Igiyar caji kuma a riƙa zare ta ta kai, ba a fizgo ta daga tsakiya ba. Da zarar ta tsage har kana ganin wayoyin ciki, naɗa mata salatif ba gyara ba ne.

Babu wuta a unguwarmu, shagon caji nake kaiwa. Me zan kiyaye?

Kashe wayar kafin ka miƙa. Za ta fi saurin cika, za ta fi sanyi, kuma ba mai leƙa maka saƙonni. Ka je da taka caja idan mai shagon zai yarda. Ka dubi yadda yake jera su: idan a kan juna yake tara wayoyi a cikin akwatin katako, ta tsakiya tana gasuwa. Masu ƙananan wayoyin da ake cire musu batir, su yi wa batirinsu alama.

Fawa bankina an rubuta 10,000mAh, wayata 5,000 ce, amma bai taɓa cika ta sau biyu ba. Cuta ce?

Ba lallai ba. Wannan lamba an auna ta ne a kan ƙarfin batirin da ke ciki, wajen bolt 3.7. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, wayar kuma ta sake sauke ta, a kowane mataki ana asarar wani abu ya zama zafi. Abin da ke isa wayar kusan kashi biyu cikin uku ne. Cika ɗaya da ɗan ƙari, daidai ne. Cuta ita ce ɗan ƙaramin abu marar nauyi da aka buga wa 50,000 a jiki. Batir nauyi gare shi, babu dabarar da ke ɓoye wannan.

Caja ta daina kamawa sai na karkata ta ko na danne da dutse. Sai an canza bakin caji?

Kafin ka biya kuɗin canji, haska fitila cikin ramin. Sau da yawa abin da ke ciki auduga ce ta aljihu da ƙura, kullum kana tura caja kana daddanne su, har suka zama dunƙule mai tauri a can ƙasa. Kan cajar ba ya kaiwa ƙarshe, shi ya sa yake rawa. Kashe wayar, ka sami tsinken sakace na itace, ka fiƙe shi ya yi siriri, ka riƙa yakuto dattin a hankali ta gefe-gefe. A irin bakin USB-C akwai wani ɗan harshe a tsakiya, kada ka taɓa shi da ƙarfi. Za ka yi mamakin abin da zai fito, toka-toka, wani lokaci har da ɓawon gyaɗa. Allura da fil ba sa shiga nan, ƙarfe ne, suna iya haɗa wuta ko su karce ƙafafun.

Lokacin hunturu abin ya fi tsanani. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, laushi gare ta ƙwarai, babu kafar da ba ta shiga. Ita ce ke toshe ragar lasifika har ka ji murya ta yi ƙasa kana zaton kunnenka ne. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa ya share ragar.

Da me zan goge fuskar waya ko ta laftof?

Da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Ka fara hure ƙurar tukuna, domin a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri. Wanda ke goge waya da gefen riga a kan ƙura, shi ke zana mata waɗannan siraran layuka da ake gani a rana. Idan akwai maiƙo, a ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa, ko da sinadarin isopropyl (wani nau'in sifirit) mai kashi 70 da ake samu a kantin magani. A zuba a ƙyalle, ba a kan na'urar ba. Ruwan bilic, fetur, kananzir da turare duk suna cinye shafen da ke hana zanen yatsa kamawa. Fuskar laftof kuma ba ta son dannawa ko kaɗan.

Gilashin kariya da riga mai tudu a kusurwoyi sun fi kowane gyara arha. Idan gilashin kariyar ya tsage, ya gama aikinsa, a canza.

Waya ta faɗa ruwa. In binne ta cikin shinkafa?

Shinkafa ba ta jawo ruwan da ya riga ya shiga ciki. Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi haka, saboda garin shinkafar na iya shiga ramukan. Illar da ta fi wannan ita ce kwana biyun da za ka ɓata kana jira, alhali tsatsa na cin allon wayar, wato farantin kayan wutar da ke cikinta.

Abu na farko: kashe ta nan take. Kada ka danna komai don ka ga "ko tana yi", kuma kada ka kuskura ka sa caji. Wuta a kan jiƙaƙƙen allo ita ke ƙona shi. Cire riga, cire tiren layi da memori, goge jikinta, ka juya bakin caji ƙasa ka ɗan bubbuga a tafin hannu. Ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Ba a shanya ta a rana, ba a kara ta da murhu ko na'urar busar da gashi. Idan ta nutse sosai, ko kuma abin da ta faɗa miya ce, shayi, lemo ko ruwan wanki, to ranar za a kai ta a buɗe a wanke allon, domin gishiri da sukari da sabulu sun fi ruwa zalla saurin ci.

Masu cewa tasu ba ta jin ruwa su lura. IP67 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30, IP68 kuma ya ɗara haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. A ruwa mai tsabta aka yi gwajin, da sabuwar waya. Gam ɗin da ke toshe kafofin yana saki da zafi da faɗuwa, kuma duk wayar da aka taɓa buɗewa, a ɗauka wannan kariya ta tafi. Garanti ma galibi ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Bayan wayata ya ɗago, kamar an hura ta.

Batir ne ya kumbura. Daina caji, daina amfani da ita, kada ka danne ko ka huda, kada ka kwana da ita a ɗaki kusa da kaya masu kama wuta. A laftof alamar ita ce wurin da ake jan yatsa ya taso ko ya ƙi dannuwa. A kai a canza yau, ba sai an yi albashi ba. Tsohon batirin kuma ba a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Kullum waya tana ce mini wuri ya cika, ga nauyi. Wace manhajar shara zan sauke?

Babu. Yawancinsu talla suke cika maka, su da kansu suna cin wuri da caji. Ɓarawon yana WhatsApp. Guruf na dangi, na 'yan makaranta, na unguwa, na masallaci, bidiyo guda sai ya shigo maka ta wuri huɗu, kowanne ya zauna. Shiga saitin WhatsApp, wurin ma'ajiya da data, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. A nan kuma akwai inda zai jera maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, ka share. Ka bar wa waya sarari ko da kashi 10 zuwa 15 ne, ka kuma riƙa kashe ta ka kunna ko sau ɗaya a mako.

Ajiya kuma daban take da shara. Google yana bai wa kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma ta shiga wannan lissafi. Idan ya cika, ajiya ta tsaya, kai ba ka sani ba. Leƙa ka ga ranar da aka yi ta ƙarshe. Hotunan biki, takardun fili, rasit na kasuwanci, karatun da ka naɗa, a kwafe su a wuri na biyu, filashi ko kwamfuta. Allon waya idan ya ƙone, abin da ke ciki da wuya ya dawo.

Sabunta manhaja dole ne? Yana cinye mini data.

Na tsaro dole ne, musamman a wayar da ke ɗauke da manhajar banki. A yi shi da garaɓasar datar dare, caji ya haura rabi, kada waya ta mutu a tsakiya. Manhajojin da ake turawa ta Xender ko a sauke daga wani shafi, irin su GB WhatsApp, a guje su. WhatsApp yana rufe layukan masu amfani da su, kuma ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba.

Masu laftof su san cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma gyaran tsaro na yau da kullum ya tsaya. Windows 11 kuma yana bukatar injin (furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Laftof na hannu da yawa da ke kasuwa sun girmi haka, don haka mai saye ya tambayi ƙarnin injin kafin ya tambayi kuɗi.

Fankar laftof ɗina tana ihu, ƙasanta kamar dutsen guga, wani lokaci ta mutu da kanta.

Juya ta ka ga ƙananan tagogin da ke ƙasa. Ta nan take shaƙar iska, ta fitar ta gefe ko ta baya. Ɗora ta a kan katifa, darduma ko filo daidai yake da ka toshe wa mutum hanci ka ce ya yi gudu. A sa ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta da littafi.

Idan an yi haka ba ta daina ba, ƙura ce ta yi kafet a tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi. Mai gyara zai buɗe ya cire shi, sau da yawa guda yake fitowa. A nan sai a nemi ya goge tsohon man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya ya shafa sabo, domin yana bushewa bayan 'yan shekaru. A ƙasarmu sau ɗaya a shekara bai yi yawa ba, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kankama. Cin abinci a kanta kuma gayyatar tururuwa da kyankyasai ne, suna son ɗumin ciki.

Laifi ne laftof ta zauna a jone da wuta kullum?

Ba ta lalacewa nan take, amma batirin da ke zaune a kashi 100 cikin zafi yana saurin tsufa. Lenovo, Dell da ASUS suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, a kunna shi idan a ofis take wuni. Don ganin halin da batirin ke ciki a Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye wani fayil, idan aka buɗe shi zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda ya rage. Wannan ya kamata mai sayen ta hannu ya yi a gaban mai shago.

A buɗe murfin daga tsakiya, ba daga kusurwa ba, kusurwar ce ke karya maƙalar. Kada a ɗauke ta ta fuska. A kashe ta sosai kafin a sa a jaka, don wadda ke barci tana iya farkawa ta gasu a ciki. Mai tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta) irin mai juyawa, girgizar babur a kan hanya mai ramuka tana iya kashe shi, sauya shi da SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowanne sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo.

Na saya wa yarana tablet, wata uku bakin caji ya lalace.

Hajiya, suna wasa da ita tana caji ne, igiyar na lanƙwashewa a cinyarsu. Ki sa doka: idan tana caji, ta huta. Ki saya mata riga mai kaurin roba. Manhajar Family Link ta Google za ta ba ki damar ƙayyade awannin da za su yi da abin da za su sauke. Idan za ki ɓoye ta saboda jarrabawa, ki bar ta da rabin caji, a kashe, ki riƙa ƙara mata bayan 'yan watanni. Wadda aka jefa a durowa ba caji, wata rana ba za ta tashi ba.

Zan iya yin alwala da agogon zamani a hannu?

Ta fuskar na'urar, idan an rubuta 5ATM ko IP68, alamomin jure ruwa, ruwan alwala da yayyafi ba za su yi masa komai ba. Abin da ba ya so shi ne ruwan zafi, tururi, sabulu da turare, suna lalata robar da ke toshe kafofinsa. Waɗanda ba a rubuta musu komai ba, a cire. Da yawa ma sun fi son cirewa ko matsar da shi don ruwa ya game hannu, hakan kuma yana da wani amfanin: danshin da ke maƙalewa a ƙarƙashin maɗauri, ya haɗu da gumi da ƙura, shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. A bar hannu ya bushe kafin a mayar.

Juya bayansa. Wannan koren hasken da ke ƙyaftawa shi ke auna bugun zuciya, idan datti ya rufe shi awon zai karkace. Ƙananan ɗigon ƙarfen da caja ke kamawa kuma gumi yana sa su yi kore ko baƙi, sai agogo ya ƙi caji. A goge su da auduga da ɗigon isopropyl, a tabbata sun bushe kafin a jona.

Agogona yana nuna hawan jini da sukari. In dogara da shi?

Sukari, sam. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da agogo ko zoben da ke da'awar auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Ga masu arha, gwaji mai sauƙi: ɗaura shi a ƙafar kujera ka danna awo. Idan kujera ta sami bugun zuciya, ka san abin da ka saya. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe na'urarsa ta asibiti, kada ya rage ko ya ƙara magani saboda lambar agogo.

Me zan yi kafin in miƙa wa mai gyara?

Idan garanti bai ƙare ba, fara da ofishin kamfanin. Masu Tecno, Infinix da itel, Carlcare ne nasu. Da zarar wani ya buɗe ta a waje, garanti ya faɗi. Idan kasuwa za ka, irin Farm Centre a Kano, akwai gwanaye akwai 'yan koyo, tambayi wanda ya taɓa kai gyara.

Yi ajiyar kayanka, cire layi da memori. Canjin batir ko bakin caji ba ya bukatar lambar buɗe waya, idan za a gwada, kai ka buɗe da hannunka. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da yanayin gyara da ke ɓoye hotuna da saƙonni. A yi ciniki a fili: sikirin na asali ne, ko wanda aka ciro daga wata waya, ko kwafi? Kowanne da kuɗinsa da haskensa. Ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Idan aka ce sai an yi filashin, ka sani komai zai goge, kuma wayar za ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta. Wanda a shago aka buɗe masa imel bai riƙe kalmar sirri ba, ya nemo ta tun yanzu. Kafin ka bar wurin, gwada kira, lasifika, kyamara, caji da zanen yatsa.

Idan aka sace fa, akwai abin da zan yi tun yanzu?

Danna *#06#, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, lambar shaidar wayarka. Rubuta ta a takarda ka ajiye tare da kwali da rasit. Kunna manhajar nemo na'ura ta Google ko ta Apple, da ita za ka iya kulle wayar ko ka goge ta daga nesa. Sa wa WhatsApp lambar tabbaci ta biyu.

Wanda aka fi mantawa shi ne layin. Ɓarawo ba ya bukatar buɗe wayarka, zare layin zai yi ya sa a wata, saƙonnin banki su riƙa zuwa masa. Sa wa layin lambar sirri a saitin tsaro, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. A yi hattara wajen sawa: kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin, kuskure goma a PUK kuma yana kashe layin. Ranar da abin ya faru, banki za ka fara kira a rufe asusu, sannan kamfanin layi, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda da lambar IMEI a hannunka.